Ajinmu ya zama sel: kundin aikin kulob ɗin kimiyya, hunturun 2024

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Hazo ya fara sauka tun makon jiya, aji kuma ya cika da tari da jan majina. Shekarata tara ke nan ina karantar da ilimin halittu a wata lise, wato babbar sakandare, a nan Maradi, kuma duk shekara abu ɗaya nake gani. In na tambayi ƴan ajin ƙarshe mene ne birus, sai su zubo mini ma'anar da suka haddace da Faransanci, ko wasali ba su ci ba. In na ce to, a faɗa mini da Hausa yadda yake hayayyafa a cikin hancin mutum, sai aji ya yi tsit. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin waɗannan yaran su ne ma'aikatan asibitin gobe, su ne kuma yau ake aika su sayo magani in ƙaninsu ya kama mura.

Don haka kulob ɗinmu, mai yara 23, zai gina abin da ido zai gani, hannu ya taɓa. Abu guda nake so ya zauna musu: birus ba ya zuwa da tukunya, ba ya zuwa da murhu. Na mura mai zazzaɓi, wanda likitoci ke kira influwenza, guntayen saƙo 8 kawai yake ɗauke da su, waɗanda ba su wuce umarnin ƙera furotin goma da ƴan kai ba. Mu kuwa muna da ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu ba da irin wannan umarni. Daga buɗe masa ƙofa har zuwa yi masa rakiya ya fita, yawancin aikin furotin ɗin jikinmu ne ke yin sa.

Na ware jika 20 daga aljihuna. Mun kuma tsai da kalmomin da za mu riƙa amfani da su: sel (wato ƙwayar halittar da aka gina jiki da ita), birus, furotin. Saƙon gadon za mu ce masa ARN yadda yake a littafinmu, ko da yake waɗanda suka yi karatu a Najeriya RNA suke cewa.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na shiga babbar kasuwa bayan la'asar. Babbar ƙwarya, wadda za ta zama sel, sefa 2,000. Ƙoƙo shida 900, wayar ɗauri 1,000, ƙananan gwangwanayen fenti uku 2,250, gam 600, duwatsun ado kala biyu 800, kabu-kabu zuwa da dawowa 400. Jimla 7,950.

Tsohuwar da ta sayar mini da ƙwaryar ta ƙwanƙwasa ta da yatsa kusa da kunnena don in ji ba ta da tsaga, sannan ta ce, “Ɗana, biki za a yi?” Na ce, “A'a Inna, makaranta za ta.” Ta ce to kada a bar ta a rana, iskar nan ba ta da kirki.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Zaman farko. Mun haɗa ƙoƙo biyu baki da baki suka zama birus, muka zuba guntayen zare 8 a ciki. A bayansa muka kafa tsinkayen ashana kala biyu. Ja shi ne hemaglutinin, mai kamawa, shuɗi kuma nuraminidas, mai yankewa in lokacin fita ya yi. H da N ɗin da ake ji a sunaye irin su H1N1 da H5N1 daga waɗannan biyun suka fito, yara da yawa yau suka fara sanin haka.

A jikin ƙwarya muka rataya duwatsun ado a matsayin asid siyalik, wani ɗan sukari da ke saman furotin ɗin fatar sel. Shi hemaglutinin ke kamawa. Na sayi kala biyu ne da gangan, domin ɗaurin sukarin iri biyu ne. Wanda ake kira alfa 2,6 shi ya fi yawa a hanci da maƙogwaron mutum, alfa 2,3 kuma a hanjin tsuntsaye. Wani yaro da mahaifinsa ke kiwon kaji ya ɗaga hannu, ya kira ni yadda suke kiran malami da Faransanci: “Mushe, shi ya sa ke nan kaji ke mutuwa mu muna tsaye?” Na ce rabin amsar ke nan. Na ba su labarin watan Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da H5N1 a Magariya, ƴan makonni bayan ɓullarta a wata gonar kaji a jihar Kaduna. Ko ɗaya daga cikinsu bai yi wayo ba a lokacin, wasu ma ba a haife su ba. Na kuma ja kunnensu cewa can cikin huhun mutum akwai alfa 2,3, kuma mutane sun sha kamuwa daga kaji har su rasu. Mushen kaza ba abin taɓawa ba ne.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Babu wuta tun safe, waya ta mutu. Ban karanta komai ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Ƙwarya ta tsage. Laifina ne. Na bar ta a kan kabad kusa da taga don fenti ya bushe, kwana uku rana na dukanta da hantsi, iska na busa ta da dare. Yau da muka zo huda ramin da birus zai shiga, ƙusa na taɓa ta sai muka ji ƙas, tsaga ta tafi tun daga baki har gindi. Mun gwada gam, bai riƙe ba. Wata ɗaliba ta ce kakarta ta iya ɗinkin ƙwarya, amma ko an ɗinke ba za ta jure hudar da ta rage ba, ramuka tara muke bukata. Jika biyu da rabin fenti sun tafi. Yaran da suka yi kwana biyu suna zana cibiyar sel a cikinta sun yi jugum, ni ma raina ya ɓaci ƙwarai, don an gaya mini ban ji ba.

Muna cikin tattara kaya sai wata yarinya mai son lissafi ta ɗauki ƙoƙon ta ɗora a cikin fasasshiyar ƙwaryar, ta ce, “Mushe, da gaske birus ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na sel?” Na ba ta alli. Birus ɗin influwenza faɗinsa wajen nanomita 100 ne, sel ɗin hanyar numfashi kuwa wajen mikromita 10. Ninki ɗari ke nan. Ƙoƙonmu santimita 10 ne, don haka sel ɗinsa sai ya kai mita 10. Ta ajiye allin ta dubi bangon aji. Muka auna da taku: tsawo mita 9, faɗi 7.

Ashe da ƙwaryar ta rayu, ƙarya za ta koya musu. Na kwana ina juya maganar.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na sauya tsari gaba ɗaya. Aji shi ne sel, ƙoƙo shi ne birus, yara su ne furotin. Na wuni a zaure ina raba aiki.

Biyar ne kawai na birus: mai kamawa, mai yankewa, da uku masu riƙe da hannun juna, PB1 da PB2 da PA, waɗanda tare suke injin kwafe saƙonsa. Sauran 18 duk na gida ne. Wannan rabon kaɗai ya isa darasi.

Ga yadda zai gudana. Ƙoƙo zai maƙale a duwatsun da ke rataye a ƙofa. Yara biyu za su lulluɓe shi da zane su ja shi ciki, kamar yadda sel ke haɗiye abu a cikin ƴar jakar da ake kira andozom. Wasu biyu, a matsayin famfunan da ke tura asid cikin jakar, za su yayyafa ruwan tsamiya. Tsamin nan shi ke sa hemaglutinin ya sauya siffa ya haɗe fatar birus da ta jakar, sai ƙoƙo ya buɗe, zaruruwa 8 su zubo. Babu tsami, babu buɗewa. Daga nan impotin, ƴan dakon sel, su ɗauke su zuwa cibiya, ma'ajiyar ƙwayoyin gadon sel, wadda za mu kewaye da bencina. Influwenza na cikin ƴan tsirarun birus masu ARN da ke shiga cibiya su yi aiki.

Wurin da na fi so shi ne satar hula. Duk saƙon da sel ya rubuta sai ya ɗora masa wata alama a ka, masana ma hula suke ce mata. Ribozom, telolin sel masu ɗinka furotin, da ita suke gane saƙon da za su karanta. Birus ɗin influwenza bai iya yin hula ba. Sai injinsa ya raɓe kusa da marubucin gida, polimeras na biyu, da zarar sabon saƙo ya fara fitowa PB2 ya cafke hular, PA ya datse ta tare da haruffa 10 zuwa 13, PB1 ya ci gaba da rubuta saƙon birus a bayanta. Teloli su ga hula su kama aiki. A ƙarshe wani ɗan dakon, CRM1, ya fito da sababbin zaruruwa daga cibiya, Rab11 ya kai su bakin ƙofa. A jiki, cikin awa 6 zuwa 8 sababbin birus sun fara fita.

Uwargida ta ara mini zane. Gobe zan sayi farin kwali na huluna da sunaye.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Gwajin farko ya rikice. Kowa na son ya zama mai satar hula, ba mai son zama famfon tsami. An zubar da ruwan tsamiya a kan littafin wani. Teloli shida sun tsaya cirko-cirko minti goma ba su san lokacin farawa ba. Mun kai dai bakin cibiya kafin lokaci ya ƙare. Zan rubuta wa kowa jimlarsa guda a bayan kwalin da zai rataya.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ba mu yi zama ba. Ɗana mai shekara uku ya kwana da zazzaɓi da tari daren Alhamis, hanci a toshe, ya ƙi abinci. Da safe na tarar Inna ta riga ta tsai da mai tallan magani a ƙofar gida, kafso huɗu na amoksisilin a tafin hannunta, tana shirin fasa ɗaya a cokali. Na durƙusa na ce, “Inna, ki yi haƙuri, a bari mu kai shi a duba tukuna.” Ta ce, “Malam, da wannan na raine ku, ga ku nan.” Ban yi musu da ita ba. Na roƙe ta ta ajiye su, in likita ya ce a ba shi, ni da kaina zan fasa.

A asibitin unguwa aka yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, babu. Ma'aikaciyar ta ɗaga rigarsa, ta dubi agogo, ta ƙirga numfashinsa na minti guda cur. Ta ce mura ce, a ba shi farasitamol da ruwa da yawa, a riƙa share masa hanci. Amma in numfashi ya kai 40 a minti, ko ƙasan ƙirjinsa ya riƙa lotsawa in ya ja iska, ko ya kasa sha, a dawo da shi ko tsakar dare ne. Na kwana biyu ina ƙirgawa da fitilar waya, hannuna a kan cikinsa, yana tsakanin 30 da 34.

A daren nan na gane abin da wasanmu ya rasa. Amoksisilin bangon bakteriya yake rushewa. Wasu magungunan irinsa ribozom ɗin bakteriya suke toshewa, wanda ya bambanta da namu. Birus ba shi da wannan bangon, ba shi da ribozom ko ɗaya, da namu yake aiki. Maganin ya shiga jiki bai sami abin kamawa a jikin birus ba, sai ya auka wa bakteriyar hanji masu amfani, ya kuma horar da masu cutarwa su saba da shi. Amma dole in faɗa wa yara ɗaya gefen da gaskiya: mura takan raunana hanyar numfashi har bakteriya su biyo baya su kawo ciwon huhu, a nan kuwa amoksisilin ceton rai ne. Shi ya sa mai ƙirga numfashi ne zai yanke hukunci, ba mai tire ba. Zan ƙara fitowa guda: yaro ya shigo da kwalin kafso, ya zagaya aji yana neman bango bai samu ba.

Talata, 3 ga Disamba

Yaro ya warware, ya ci tuwo jiya. Inna ta mayar da kafson cikin ƙullin zanenta, ba ta ce komai ba. A kulob yara shida ba su zo ba, duk mura.

Asabar, 7 ga Disamba

Na sayi kuɗin intanet na jika biyu na zauna neman sauran rabin amsar ɗan mai kaji. Kama ƙofa kaɗai ba ta isa ba. Ko birus ɗin tsuntsu ya shiga sel ɗin mutum, injinsa na kwafi yakan yi sanyi. An daɗe da sanin haka ba a san dalili ba, sai a 2016 masu bincike a Landan suka gano cewa injin yana jingina da wani furotin na gida mai suna ANP32A. Na kaza ya fi namu tsawo da amino asid 33, wato tubalan da ake gina furotin da su, kuma injin birus ɗin tsuntsu da dogon ya saba. Amma sauyin amino asid guda tak a PB2, a gurbi na 627, yakan ba shi damar aiki da gajeren namu. Guda ɗaya. Na daɗe ina kallon wannan lambar. Shi ya sa masu sa ido kan mura, irin su cibiyar CERMES da ke Yamai, ba su ɗauki murar kaji a matsayin matsalar masu kiwo kaɗai ba.

A 2023 kuma masana a cibiyar Roslin ta Edinbara suka fitar da sakamakon kajin da aka gyara musu wannan furotin. Da aka shaƙa musu birus daidai misali, 9 cikin 10 ba su kamu ba. Da aka ninka shi sau dubu, rabi suka kamu, kuma birus ɗin da aka samu a jikinsu ya riga ya yi sauye-sauyen da suka ba shi hanya. Na ji daɗin rabin farko, rabi na biyu ya sanyaya mini jiki. Duka biyun zan gaya wa yara.

Akwai kuma maganar almakashi. Hemaglutinin ba ya aiki sai an datsa shi gida biyu, kuma birus ba shi da abin datsawa. A murar mutane, wani anzim na hanyar numfashi, TMPRSS2, ke yin wannan, shi ya sa cutar ke tsayawa inda yake. Ɓerayen da aka cire musu shi sun tsira daga H1N1. Muguwar murar kaji kuwa tana da wurin yanka da wani anzim mai suna furin ke iya datsawa, shi kuma furin yana kusan ko'ina a jiki. Don haka take cin kaza gaba ɗaya, hanta da ƙwaƙwalwa da komai, akurki ya wayi gari a kwance.

A wasa, ANP32A zai riƙe igiya. Ta kaza doguwa, ta mutum gajera.

Laraba, 11 ga Disamba

Na fara da gyara kuskurena a gaban yara. A takardar da na raba musu na sa mai almakashi a bakin ƙofa yana datsa hemaglutinin lokacin shiga. Ga influwenza, yawanci tun a sel ɗin da ya haife shi ake datsa shi, yana kan hanyar fita, ya isa sel na gaba a shirye. Mai almakashi ya koma ƙarshen wasa. Fotokopi 23 sai an sake.

Korona ce ake datsa wa a bakin ƙofa, kuma ita muka shiga yau. Wannan kowa ya tuna, tun daga ranar 19 ga Maris 2020 da aka sanar da mutum na farko a Nijar, da rufe makarantu da masallatai. Ƙayar da ke bayanta wani furotin na fatar sel mai suna ACE2 take kamawa, kamar yadda SARS ta farko ta yi, abin da aka gano tun 2003. Daga nan hanya biyu gare ta. In akwai TMPRSS2 a fatar sel, sai ya datsa ƙayar nan take ta shige. In babu, sai a haɗiye ta cikin jaka, tsami ya tada wani anzim, katepsin L, ya datsa. Mun sa ƙofa ta zama hanya ta farko, taga ta biyu.

Da wannan na ba su labarin kulorokin, wanda iyayensu suka sani da Nivaquine. Yana rage tsamin jaka. A gwajin farko, a sel ɗin ƙodar biri da ake renonsu a ɗakin bincike, ya hana birus shiga, duniya ta ɗauka. Amma waɗannan sel ba su da TMPRSS2 sosai, taga kawai gare su. Da masana a Jamus suka gwada a sel ɗin huhun mutum, bai hana komai ba. Babban gwajin da aka yi wa marasa lafiya a Ingila ya nuna a watan Yunin 2020 cewa ɗan'uwansa haidiroksikulorokin bai rage mutuwa ba. Na sa yara biyu suka tsare taga da ƙarfinsu, mai ƙoƙo ya bi ta ƙofa ya shige. Ban ƙara ko kalma ba, na ga sun gane.

Korona ba ta shiga cibiya, kuma ita tana ɗinka hularta da kanta. Saƙonta ya kai haruffa wajen 30,000, fiye da ninki biyu na influwenza. Duk da haka teloli namu ne. Har ma tana da wani furotin, Nsp1, da ke toshe bakin ribozom don saƙonnin gida su kasa shiga, tana kuma yankar fatar cikin sel ta gina ƴan ɗakuna masu bango biyu inda take kwafe kanta.

Asabar, 14 ga Disamba

Lissafi: kwali 2,000, alƙaluman rubutu a kwali 1,500, fotokopi sau biyu 1,200, intanet 4,000, igiya 500, tsamiya 100. Da na kasuwa, 17,250. Saura 2,750.

Juma'a, 20 ga Disamba

Mun yi wasan gaba ɗaya kafin hutu, muka gayyato ƴan aji na ƙasa su 30 su kalla ta taga da bakin ƙofa. Minti 38, ya yi tsawo. Satar hula ta fito da kyau, har da tafi. Fitowar kafso ma ta zauna.

Amma da na tambaye su abin da suka fahimta, sai gabana ya faɗi. Wani ya ce, “Mushe, ashe a cikin jikin mutum akwai munafukai masu taimakon cuta.” Da yawa suka gyaɗa kai. Wata ta ce me ya sa ba za a yi maganin da zai kashe su duka ba. Wato mun nuna musu ƴan dako da teloli da masu almakashi suna yi wa baƙo hidima, ba mu taɓa nuna su suna aikin gida ba. Ai ba don birus aka halicce su ba. ACE2 yana cikin masu daidaita hawan jini. Impotin kullum cikin jigilar furotin ɗinmu yake zuwa cibiya. Famfunan tsami su ke sa sel ya narkar da abin da ya haɗiya. Ribozom in ya tsaya, sel ya mutu. Ba su san baƙo ba ne, hula suka gani suka yi abin da suka saba.

Kuma tambayar yarinyar ita ce tambayar da masana ke fama da ita. Magungunan da muke da su yawanci kayan birus suke kamawa: oseltamibir yana toshe nuraminidas, baloksabir da aka amince da shi a 2018 yana hana PA datse hula. Matsalarsu, birus na sauyawa ya kuɓuce. Furotin ɗinmu ba ya sauyawa haka, shi ya sa ake kwaɗayin a toshe shi a maimako, amma wanne za a toshe mutum bai cutu ba? Kamostat, mai toshe TMPRSS2, ya yi kyau a ɗakin bincike, a jikin masu korona kuwa bai nuna amfanin da aka sa rai ba.

Gyara: minti uku na farko babu birus ko kaɗan. Aji zai yi aikinsa na kullum, marubuci na rubutu, ana ɗora hula, ƴan dako na kai da komo, teloli na ɗinki. Sai ƴan kallo sun saba da wannan sannan ƙoƙo zai taɓa ƙofa. Don a sami wuri, zan rage ɓangaren korona.

Laraba, 8 ga Janairu 2025

Mun dawo hutu mun tarar ɓeraye sun ci huluna 14 cikin 20, sun kuma yi fitsari a kan sunayen. Gam ɗin da muka ƙare da shi na garin rogo ne, shi ya jawo su. Sabon kwali 1,200. Saura 1,550. Mai gadi ya ara mana tsohuwar akwatin ƙarfe.

Muna yankan huluna ɗan mai kaji ya ce shi bai yarda sel ya tsaya kawai a ci shi ba. Gaskiyarsa. Sel na da masu gadi da ke jin ARN ɗin baƙo, su sa a saki intaferon, wanda ke gargaɗin sel na maƙwabta su shirya. Influwenza kuma na da NS1 mai danne wannan ƙara. Na ba shi aikin: zai leƙa ta taga ya yi wa aji na kusa kururuwa, wani ya zo ya rufe masa baki, amma bayan sautin ya riga ya fita. Na birus sun zama shida ke nan, na gida 17.

Asabar, 11 ga Janairu

Minti 26 da sabon farko. Na sake kiran biyar daga cikin ƴan kallon Disamba, ba wanda ya ce munafukai. Ɗaya ta ce, “Aikinsu suke yi, ba su sani ba.” Har yanzu fitowar igiyar ANP32A ba ta fita ba, daga baya ba a ganin bambancin tsawon. Zan ɗaura jan ƙyalle a kan ƙarin.

Shugaban makaranta ya ba mu Asabar 25 ga wata mu nuna wa iyaye. Aji ba zai ɗauke su ba, don haka za mu zana sel da toka a fili, mita 10 daidai, mu kafa ƙofa da sanduna biyu. Ina tsoron iska da hulunan kwali, sai an sa musu zare a haɓa. Ina bukatar tabarmi shida da wanda zai ara mana lasifika.

Yara sun nemi a ƙara ƙyanda, tunda ita iyaye suka fi sani, kuma ta numfashi take shiga. Na karanta: tana fara kama ƙwayoyin garkuwar jiki ta CD150, daga baya ta bi ta nektin 4 ta fito hanyar iska a tofar da ita cikin tari. Ƙofar shiga daban, ta fita daban. Ba za ta shiga wasan 25 ba, sai zango na gaba, tare da rinobirus mai kawo mura ta yau da kullum, wanda yawancin ire-irensa ICAM-1 suke kamawa.

Inna ta ce za ta zo. Ta tambaya ko akwai kujera, don ƙafarta ba ta son tabarma. Zan ɗauko ta ofishin malamai tun ranar Juma'a.